Wa'adin kwana bakwai: shin Najeriya ta yi wa 'yancin Nijar barazana a 2023?

Ɗan Ƙonni: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya na zamna ina karanta gardamar da kunka kwana kuna yi bisa Rasha da Yukren, wanga na cewa babba ya zalunci ƙarami, wancan na cewa ƙaramin ne ya tsokano tsuliyar dodo. Ban sa baki ba. Abin da ya ban mamaki, kowa sai ya tafi har Turai neman misali, alhali ga shi a ƙofar gidanmu. Ranar 30 ga Yulin 2023 shugabannin ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, sunka zamna Abuja sunka ba Nijar kwana bakwai: ko a maida Shugaba Bazoum, da soja sunka hamɓarar, bisa kujerarshi, ko a shigo da soja. Anka rufe iyaka. Bayan 'yan kwanaki kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Ni daga gidana zuwa bakin iyakar Illela ba a minti goma sha biyar bisa babur, matata kuma 'yar Gwadabawa ce. A makon nan in anka ji ƙugin jirgi sama, yara sai su sheƙa ɗaki. To ina tambayar 'yan'uwanmu na Najeriya: ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ta dubi mai kimanin miliyan 26 ta ce mata "kwana bakwai", mi ake kiran wanga abu in ba barazana ga 'yancin ƙasa ba?

Lauyan Zaure: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, gyara kaɗan. Ba Najeriya ce ta ba da wa'adin ba, ƙungiya ce mai ƙasashe 15 a lokacin, kuma Nijar na cikin waɗanda suka kafa ta a 1975. A 2001 a Dakar an sa hannu kan yarjejeniyar da ta haramta karɓar mulki da bakin bindiga, da hannun Nijar a ciki. Wanda ya shiga adashi ai ya san akwai ranar zubi. Sannan 'yancin ƙasa na waye? Na jama'a ne ko na duk wanda ke riƙe da makullin fadar shugaban ƙasa? A watan Fabrairun 2021 'yan Nijar sun ba Bazoum kashi 55 da 'yan kai na ƙuri'unsu. Ranar 26 ga Yuli dogaransa suka kulle shi a gidansa. In ana neman wanda ya fara taka 'yancin 'yan Nijar, a fara dubawa nan.

Ɗan Ƙonni: Lauya, ƙungiya ce bisa takarda, na yarda. Amma Gambiya ce ta yanke muna kuran? Ko Laberiya ce ke da iyakar sama da kilomita 1,500 da mu? Shugaban ƙungiyar a lokacin Tinubu ne, bai kai wata guda da karɓar shugabancinta ba. Jiragen yaƙi na Najeriya ne, kuɗi na Najeriya ne, wayar lantarki ta Najeriya ce. In giwa da gafiya sunka yi ƙungiya, anka ce ƙungiya ta taka ka, ai ka san sawun wa za ka gani.

Uwar Biyu: Ku yi haƙuri in shigo muku, ni ba ruwana da yarjejeniyar Dakar. A Yamai nake, mahaifiyata na wurina, tana da ciwon suga, allura take yi safe da yamma. Wanda ya san allurar nan ya san ba ta son zafi, a firji ake ajiye ta. Da kuran ya fara tafiya wuni guda, sai na samo ƙaramar tukunyar ƙasa na sa cikin randa, na zuba yashi a tsakani ina yayyafa masa ruwa, kwalbar na ciki a ƙulle cikin leda. Da dare in tashi in taɓa yashin in ji ko ya bushe. Daga baya allurar ma ta yi wuyar samu, sai ka zaga farmasi huɗu biyar, don kwantenonin magani sun maƙale a hanyar Kwatano. Tsohuwa ba ta san sunan janar ko ɗaya ba. Ta dai tambaye ni wata rana, "Wai 'yan Najeriya muka yi wa laifi?" Na rasa abin ce mata, don ƙanwarta a Birnin Kabi take aure.

Direban Illela: Allah ya ba Inna lafiya, Hajiya. Abin da kika faɗi haka yake. Ni a lokacin mota na ɗauke da albasa, munka yi kwanaki tsaye. Wanda bai taɓa jin warin albasar da ta ruɓe cikin buhu a damana ba bai san wari ba. Ruwa baƙi na tsiyaya daga bodin mota, ƙuda sun rufe tamfal. Mai kaya ya zo ya duba, bai ce komi ba, ya zamna bisa tayar safiya ya dafe kai. Ku lura, mai kayan ɗan Najeriya ne, ni ma haka. Takunkumin da anka ce na Nijar ne, mu ya fara ci. Waɗanda sunka ji daɗi 'yan babur masu bin daji ne, da masu karɓar na goro a hanya.

Lauyan Zaure: Hajiya, wallahi na ji zafin labarinki, Allah ya ƙara wa Mama sauƙi. Ban ce takunkumi abu ne mai daɗi ba, ni ma ina ganin an yi kuskure babba da aka haɗa da wuta da magani. Amma a tuna Gambiya a Janairun 2017. Jammeh ya sha kaye a zaɓe ya ce ba ya sauka. Sojojin Senegal suka tsallaka iyaka da yawun ƙungiyar, ranar 21 ga wata ya hau jirgi ya bar ƙasar, ba a yi yaƙi ba. A nan zauren wa ya kira wannan mamaya? Tafi muka yi. Kuma Senegal ta kewaye Gambiya kamar tuwo ya kewaye miya.

Injiniya: Bari in ɗan yi bayanin wayar nan, don a nan gizo ke saƙa. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da Nijar ke amfani da shi daga Najeriya ake sayensa. Akwai babban layi daga Birnin Kabi zuwa Yamai tun shekarun 1970, akwai wani daga Katsina da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Saye ne ba kyauta ba, wani lokaci ma bashi kan taru. To me ya sa Najeriya, wadda ita kanta wutar ba ta ishe ta ba, take sayar wa maƙwabta? Jami'anmu sun sha ba da amsa da bakinsu: kogin Kwara ta Nijar yake biyowa kafin ya iso mu, madatsar Kainji da aka gama a 1968 da ta Jebba da ruwansa suke juyawa. In na sama ya tare ruwa, na ƙasa ya shiga uku. Don haka a ba shi wuta, ya bar ruwa ya wuce. Ciniki ne mai kyau ga kowa muddin ana ga-maciji. Ranar da aka mai da wayar sanda, duk wani mai mulki a Yamai, soja ne ko farar hula, ya koyi cewa makunnin fitilar ɗakinsa a ɗakin wani yake.

Malamin Tarihi: Injiniya ya taɓo inda nake so. Lauya, ɗana, kana maganar Gambiya, bari in ba ka wata da ta fi kama. Lesoto ƙaramar ƙasa ce da Afirka ta Kudu ta kewaye ta ko ta ina. Firaministanta Leabua Jonathan ya bar 'yan ANC, masu yaƙi da mulkin wariya a Afirka ta Kudu, suna fakewa a wurinsa, gwamnatin wariyar launin fata ta ji haushi. A farkon Janairun 1986 ba ta tura tankar yaƙi ba, iyaka kawai ta matse, ana binciken kowace mota ɗaya bayan ɗaya, mai da abinci suka yanke. Ba a cika mako uku ba sojojin Lesoto suka kifar da shi ranar 20 ga wata, sabbin masu mulki suka kwashe 'yan ANC suka fitar, hanya ta buɗe. Ka ga babban maƙwabci ya canza gwamnatin ƙarami ba tare da ya harba harsashi ba. Ban ce niyyar Abuja irin ta Firitoriya ba ce, Allah ya kiyaye, wancan zalunci ne tsagwaronsa. Kayan aikin nake nuna maka, iri ɗaya ne: ka matse talaka har na sama ya faɗi.

Kuma mutanen Nijar ba a 2023 suka fara sanin wannan ba. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakoki lokacin canjin kuɗi, abin ya haɗu da fari. Ku tambayi dattawan ƙauyukan Maraɗi da Damagaram sunan yunwar shekarar nan. El Buhari suke ce mata. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 saboda shinkafa. Mu a nan mun manta, don ba cikinmu ne ya yi ƙugi ba.

Ɗan Ƙonni: Allah ya ƙara ma Malam lafiya. Kakata har ta rasu in za ta faɗi shekarun wani sai ta ce "an haife shi bayan El Buhari da damana biyu".

Baƙon Anjamena: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa, yau dai sai na ce wani abu, don mu a Chadi mun ga irin wadda ake shigowa da tanka. A 1973 Libiya ta Gaddafi ta shiga zirin Awzu a arewacinmu, fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 114,000, ta kafa tuta ta ce nata ne. A ƙarshen 1980 tankokinta suna cikin Anjamena, a Janairun 1981 aka ba da sanarwar wai Chadi da Libiya za su zama ƙasa ɗaya. Mahaifina ya tsallaka kogi da mu zuwa Kusiri a kwalekwale, ni ina goye. Sai 1987 aka kore su daga Fada da Wadi Dum da motocin Toyota masu ɗauke da makamin fasa tanka, a nan ma aka kama Khalifa Haftar, wanda kuke ji yau a Libiya. Awzu kuwa ba bindiga ce ta dawo da shi ba, kotun duniya ce ta yanke hukunci a Fabrairun 1994, suka fita a ƙarshen watan Mayu.

Abu biyu nake so in ce. Na ɗaya, a yi wa Najeriya adalci, ba ta ce Maraɗi tata ce ba, ba ta nemi taku ɗaya na ƙasar Nijar ba. Na biyu kuma ya fi ɗaci: Gaddafi bai fasa ƙofa ba, buɗe masa aka yi. Gukuni da Habre, 'yan Chadi, suna faɗa kan mulki, ɗaya ya kira Libiya, ɗaya ya jingina da Faransa da Amurka. Har Kano aka kai su sulhu a 1979, bai riƙe ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Lauyan Zaure: Na gode, Baƙo. Ƙari a kan haka, Najeriyar da ake kira mai danniya ita ce kotun duniya ta ce ta bar Bakasi a 2002, kuma ta miƙa wa Kamaru a Agustan 2008, alhali ta fi ta soja nesa ba kusa ba. A nuna mini wata babbar ƙasa da ta yi haka cikin lumana.

Matashin Damagaram: Duk wannan zance ne. Faransa ce ta aiko ku, kowa ya sani. An so a mai da mu bayi, muka ƙi. Mun kori sojan Faransa, mun kori na Amurka daga Agadas, mun fita daga ƙungiyarku, ga mu nan ba mu mutu ba. Wanda ke kare ECOWAS a nan ko dai an biya shi ko bai da kishi.

Shugaban Zaure: Ƙanena, a kiyaye harshe. Ba a zargin mutum da karɓar kuɗi a zauren nan ba hujja. Lauya ya girme ka, ka kawo magana ya ba ka amsa.

Matashin Damagaram: Na janye kalmar biya, Yaya Lauya ka yi haƙuri. Amma sauran ina nan a kai.

Lauyan Zaure: Ba komai, ƙanena. Sojan Faransa kusan 1,500 sun fita a Disambar 2023, gaskiya ne, kuma ban yi kukan tafiyarsu ba. Amma a Afrilun 2024 masu horar da soja daga Rasha suka sauka a Yamai. A Maris na 2025 aka rantsar da Janar Tiani, jagoran juyin mulkin, na shekara biyar ba zaɓe, aka rusa jam'iyyu. Mutumin da kuka zaɓa ya haura shekara biyu a tsare ba a kai shi gaban alƙali ba. In yau kai, ɗan Damagaram, ka ga mulkin bai yi maka ba, ta wace hanya za ka canza shi? Ƙasa na iya 'yanta daga maƙwabci, ɗan ƙasa bai 'yantu daga na gida ba. Wannan nake faɗa tun ɗazu.

Ɗan Ƙonni: A nan ina tare da kai rabi, Lauya. Ni ban taɓa fita zanga-zangar goyon bayan soja ba, na ga juyin mulki na Bare, na Wanke, na Salu Jibo, na san yadda farkonsu ke da zaƙi. Amma ka san abin da wa'adinku ya yi? Kafin shi mutane da yawa a unguwarmu shiru sunka yi, ana kallon abin a matsayin rigimar fada. Ranar da anka ce sojan waje za su shigo, har wanda ya zaɓi Bazoum ya ɗauki tuta. Ku kunka ba su farin jinin da ba su da shi. Matashin nan da ke maka ihu, wa'adin ne ya haife shi.

Malamin Tarihi: Wannan magana ce. Kuma a tambaya, me ya hana yaƙin? Ranar 10 ga Agusta an sake taro a Abuja an ce a shirya runduna, hafsoshi sun zauna a Akara. Mali da Burkina Faso sun ce taɓa Nijar taɓa su ne, Aljeriya ta ce ba ta yarda ba. Duk sun yi tasiri. Amma ni a ganina abin da ya karya gwiwar shirin a cikin Najeriya yake. Jihohi bakwai ke kan iyakar nan: Kabi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe, Barno. Sanatocin Arewa suka ce a'a, ranar 5 ga Agusta majalisar dattawa ta ce a bi hanyar sulhu. Janar Abdussalami da Sarkin Musulmi suka yi ta zirga-zirga. Sarki Sanusi ya je ya ga Tiani tare da Sarkin Damagaram, malamai suka bi baya. A masallatai ana alƙunutu. Za ka ce wa sojan da aka haifa a Jibiya ya harba wa Maraɗi? Sarkin Maraɗi fa har yau Sarkin Katsina ake ce masa, don zuriyar sarakunan Katsina ne da suka koma can bayan jihadi. Layin da Ingila da Faransa suka ja tsakanin 1890 da 1906 ya raba haraji da tuta, bai raba dangi ba.

Wani abu kuma da yaranmu ba su sani ba: lokacin yaƙin Biyafara Faransa ta karkata ga 'yan aware, Diori Hamani na Nijar ya tsaya tare da gwamnatin Gowon duk da haka. Ƙaramin maƙwabci ya taɓa riƙe wa babba ƙafa ranar da yake tangaɗi.

Uwar Biyu: Baba Malam, ni tambaya ɗaya gare ni ga Lauya. Da a Abuja soja suka yi juyin mulkin, wa zai ba Najeriya kwana bakwai?

Lauyan Zaure: Hajiya, kin kama ni. Babu. A 1998 ma Janar Abacha, yana soja a kan mulki, shi ya tura dakaru Saliyo suka mai da zaɓaɓɓen shugaba Tejan Kabba kan kujera. Mali, Gini, Burkina duk sun yi nasu kafin Nijar, ba wanda aka tura wa runduna. Dokar tana da kyau a rubuce, amma tana da ido, ta san wanda take iya kamawa. Wannan ban da amsarsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce don doka na da son kai, to kowa ya ɗauki bindiga.

Injiniya: Kafin a tashi, akwai abin da aka tsallake. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Najeriya ta buɗe iyaka a Maris, wuta ta dawo. To wa ya fi ba Nijar ciwon kai bayan nan? Benin, wadda ba ta kai ta faɗin ƙasa ko yawan jama'a ba. Bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem a gaɓar tekun Benin yake ƙarewa. Nijar ta ƙi buɗe gadar Gaya da ke kan iyakarsu, Benin ta hana loda mai a watan Mayun 2024, sai da 'yan Sin masu kuɗin aikin suka shiga tsakani. Kayan da a da ke bin Kwatano suka koma zagayen Lome da Burkina da rakiyar soja, farashi ya hau. Ashe ba girman maƙwabci kaɗai ne abin dubawa ba, a duba me ya riƙe maka. Madatsar Kandaji da za ta ba da megawat 130, tun 2008 Tanja ya aza harsashinta, gwamnati nawa ta wuce ba a gama ba. Tashar hasken rana ta Goru Banda mai megawat 30 da aka kunna a ƙarshen 2023 ta rage zafi a Yamai, amma ba ta maye gurbin layin Birnin Kabi ba. Jawabi a filin wasa ba ya kunna firji.

Matashin Damagaram: To ai shi ya sa muke cewa a gina namu. In an gama Kandaji ku ne za ku zo roƙon ruwa.

Injiniya: Ka ga irin tunanin da nake tsoro ke nan, ƙanena, kuma mu muka koya muku shi. Jiya mun riƙe waya, gobe ku riƙe ruwa. Manomin Yawuri da masuncin Kainji su zama Maman Hajiya ta gaba.

Ɗan Ƙonni: Ni dai ban canza ra'ayi ba, barazana ce, ko da anka naɗe ta cikin takardar ƙungiya. Amma na karɓi ta Baƙon Anjamena, ba irin ta Gaddafi ba ce, kuma bangonmu ne ya fara tsagewa. Lauya, bashin amsar Hajiya na nan bisa kanka.

Lauyan Zaure: Na ɗauka. Kai ma bashin tawa na kanka: ta wace hanya za ku canza su in kun gaji?

Direban Illela: Ku ci gaba, ni lodi na jirana. Hajiya Uwar Biyu, in har yanzu allurar Inna na wuya, turo man sunanta ta akwatin sirri. Jibi in Allah ya so ina shiga Ƙonni, akwai yaron da ke wucewa Yamai, ina da ƙaramar kula ta ƙanƙara a mota.

Uwar Biyu: Allah ya saka da alheri, Malam Direba. Yanzu ana samu, sai dai tsada. Zan turo maka, ka duba mini nawa take a Sakkwato.